Ranar da Injiniya Ya Riƙe Sabis da Hannunsa

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a jikin teburin da yake sayar da caja da rigunan waya a bakin layi, mutane kuma suka ga ba su da asara, suka bi shi a haka. A gida kuwa Auta yake, don Yayarsa da ta rene shi tun rasuwar iyayensu ta ce ko jirgin sama ya ƙera ba za ta sake masa suna ba. Baki kam Allah ya hore masa. In ya fara bayani a kan na'ura, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙirƙiro lantarki.

Yaya nas ce a wani ƙaramin asibiti, shekara da shekaru tana aikin wucin gadi. A ranar da abin ya faru, babban asibiti zai yi mata intabiyu da la'asar ta kwamfuta, fuska da fuska, har da tambayoyin da za ta amsa a rubuce, don haka waya ba za ta yi ba. Sun kuma gaya mata a fili cewa wanda bai bayyana a kan lokaci ba, na bayansa za a kira. Da safe za ta fita aiki, sai ta ajiye laftof ɗinta a kan teburin falo.

"Auta, ka sa mini ita a caji. Caji kawai na ce."

"Haba Yaya, kamar ni za a ba aikin caji?"

"Kamar kai ɗin. Ka jona, ka zare hannunka, ka fita."

Ya jona, amma hannun bai zaru ba. Da ma akwai wani filashi da ke masa ƙaiƙayi a aljihu. A cikinsa akwai tsarin kwamfuta na kyauta, irin wanda masu shi suka bar cikinsa a buɗe, kowa ya leƙa, kowa ya gyara. Ya daɗe yana wa'azinsa a shagon aski, sai dai bai taɓa saka shi a kowace kwamfuta ba, saboda shi ba shi da ita. Nan take lissafi ya zo masa. Zai share tsohon tsarin, ya saka sabo, kwamfuta ta riƙa gudu, Yaya ta ci intabiyu, labari ya bazu. Daga nan sai shago mai gilashi, sai yara uku suna ce masa oga. Da allon ya tambaye shi ko a share komai, har dariya ya yi.

"Share! Yau za ki sha iskar 'yanci."

Gaskiya kwamfutar ta tashi da sauri, wannan ba a hana shi ba. Ya rungume ta ya sauko ƙasa. Gidansu a saman kemis yake, gefen kemis shagon Tela, gefen Tela Mai Aski. Layin kuma irin wanda sabis ɗin waya ba ya shiga ne, kowa da waifai ɗin Mai Kemis yake rayuwa. Injiniya ya dire laftof a kan bencin Mai Aski, ya buɗe ta a hankali don kowa ya gani.

"Ku matso ku ga abin da nake gaya muku. Kun ga tashi? Kafin ka ƙifta ido!"

"Ta tashi kam," in ji Mai Aski, yana kaɗe reza. "To buɗe mana ƙwallon jiya mu ga yadda aka ci mu."

Injiniya ya kai yatsa kusurwar allo inda alamar waifai take zama. Wayam. Ya duba ɗaya kusurwar, ya kashe ya kunna, ya hura madannai. Babu ita, babu dalilinta.

"Ƙaramin abu ne," ya ce, ya gyara murya. "A cikin kowace laftof akwai ɗan kati kamar farcen babban yatsa, shi ke kamo sabis. To sabon tsarin ba ya jin yaren katin, sai an sa musu tafinta a tsakani. Mu a fagenmu direba muke ce masa."

Tela, wanda ya leƙo da tef a wuya, ya ce, "Ina ake samo tafintan?"

"A intanet mana."

"Intanet ɗin da ba ka da shi?"

"Eh... wato..."

"Na gane. Makullin ɗaki yana cikin ɗaki, ɗakin kuma a kulle."

"Ku fa matsalarku ke nan, ba ku san akwai taga ba," in ji Injiniya. "Kebur zan jona mata."

Kebur ɗaya ne tak a layin, shi ne wanda ya taso daga akwatin intanet na Mai Kemis ya shiga injin karɓar kati. Mai Kemis dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son hayaniya. Injiniya ya rantse masa cewa kafin ya gama ƙirga ƙwayar magani an gama, ya zare kebur ɗin ya soka a gefen laftof. Wata 'yar fitila ta kama ƙyaftawa, intanet ya shigo. Kan ka ce me, sai ga wani ɗan akwati ya ɓullo a tsakiyar allo: an gano kati mai buƙatar direba, a saka masa? Ga wurin dannawa ƙato, kore shar.

Mai Kemis ya leƙo ta saman tabarau. "Ah, ga shi ma tana tambayarka da kanta. Danna mana, ka ba ni kebur ɗina."

Injiniya ya yi masa murmushin tausayi. "Baba, wannan ai na 'yan koyo ne. Mu ba ma danna hoto. Da baƙin allo muke magana da kwamfuta, ido da ido."

Ya rufe akwatin kamar mai korar ƙuda, ya buɗe baƙin allo, wanda ba ya nuna komai sai rubutu. Ya zaro wayarsa ya nemo wani dandali inda wani mutum da ba a san shi ba, mai hoton kyanwa a madadin fuska, ya rubuta umarni shekarun baya domin wata kwamfutar daban. Layin farko ya ce a fara cire tsofaffin direbobi. Injiniya ya kwafa harafi bayan harafi, yana cije leɓe. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Ku ji ta! Ni take tambaya ko na tabbata!"

Ya buga madanni da ƙarfi. Rubutu ya riƙa zubowa yana gudu, shi kuma ya harɗe hannu yana gyaɗa kai kamar yana karantawa. Da rubutun ya tsaya, 'yar fitilar kebur ta mutu. Umarnin bai zaɓa ba, ya kwashe duk wani tafinta da ke cikin kwamfutar, har da wanda ke magana da kebur. Garin neman gira an rasa ido.

Kafin nan mutane sun taru a gaban kanta, kowa da katinsa a hannu, injin kuma ya ƙi motsi. Wata mata mai goyo ta ce tun ɗazu take tsaye. Mai Kemis ya zare kebur ɗinsa da kansa, ya nuna ƙofa da haɓa.

"Fita. Ko maganin ciwon kai kake so, daga yau ka yi aike."

A waje Mai Aski ya tarye shi. "Yaya dai, an shiga ta tagar?"

"An share fili ne tukuna. Gini ba ya tashi a kan shara."

Sabuwar dabara ita ce ya je ƙarshen layi wurin Mai Fotokwafi, ya sauko da direban a tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗauko a filashi. Ya ajiye laftof a teburin yankan Tela, ya ruga, ya dawo yana haki, ya soka filashi. Baƙin allo ya ce wannan fayil ba ya zama sai da wani fayil. Ya koma ya ɗauko wancan. Shi ma ya ce ba ya zama sai da wasu biyu.

"Wannan direban naka dangi gare shi," in ji Tela, bai ko ɗaga kai daga keke ba. "Ba ya tafiya sai da uwarsa."

Da ya sake wucewa a guje, Mai Aski ya ɗaga murya. "Injiniya, yanzu kuma wa aka aike ka ka ɗauko?"

"Ba ruwanka!"

"Kakar ce," Tela ya amsa masa. "Ka haɗo da ƙanwar kakar, ka rage wa kanka hanya."

Rana ta take, riga ta jiƙe sharkaf, silifa ɗaya ya tsinke. Da ƙyar aka tara dangin gaba ɗaya, sai baƙin allo ya ce na ƙarshen ya yi sabunta da yawa, ba ya jituwa da sauran. Tela ya ce ai da ma haka taron dangi yake. Ana cikin haka kira ya shigo wayar Injiniya ta waifai. Yaya ce.

"Auta, ta cika?"

"Ta cika, Yaya. Har ta tumbatsa."

"Madalla. Ga ni nan tafe. Ka yi mini addu'a."

Ya ajiye wayar. Mai hankali a nan zai tsaya, amma shi sai ya buga cinya ya ce yanzu ya gano bakin zaren. Laifin ba nasa ba ne, ba na tsarin ba ne, katin ne ya saki a mazauninsa. Ya karɓi ɗan sukundireban da Tela ke gyara keke da shi, ya kifa laftof, ya shiga kwance sukurori. Da ya rasa inda zai zuba su, sai ya zuba a gwangwanin da ya gani kusa, wanda kuwa na maɓallai ne, cike taf. Murfi ya buɗe. Ga katin nan zaune lafiya lau, da wasu wayoyi biyu sirara kamar gashi, ɗaya fara ɗaya baƙa, a maƙale a jikinsa.

"Kun gani? Waɗannan su ne eriya. Ɗan motsa su kawai zan yi."

Ɗis!

Baƙar wayar ta tsinke daga gindi, tana lilo a tsakanin yatsunsa.

"In ɗinke maka?" in ji Tela. "Ina da baƙin zare."

A daidai nan Yaya ta shigo layi, da farin kayan aikinta da jaka a kafaɗa. Ta ga taro a ƙofar Tela, ta matso. Ta ga laftof ɗinta a kife, ciki a waje. Ta dubi ƙanenta, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ba ta yi ihu ba. Ta nemi gefen benci ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, idanunta suka kawo ruwa.

"Caji na ce, Auta."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido, ya ji duk bayanin da ke bakinsa ya gudu.

"Mayar mini da ita yadda take."

"Na... na share wancan, Yaya."

"To me ka iya? Ban da magana."

"Zan iya sake saka sabon daga farko."

"Saka."

Ya juyo da ita a hakan, ba murfi, don sukurorin sun nutse cikin maɓallai. Yana sakawa aka kira la'asar. Yaya ta shiga kemis da kanta, ta rusuna ta gaida dattijon, ta roƙe shi kebur.

"Don ke, 'yata, na ɗan lokaci. Amma shi ya tsaya inda nake ganin hannunsa."

Aka jona. Fitila ta ƙyafta, ɗan akwatin nan na ɗazu ya sake ɓullowa da koren wurin dannawarsa, bai yi fushi ba. Duk layin ya cika ƙofar kemis. Yatsan Injiniya ya fara karkata wajen baƙin allo.

"Auta," in ji Yaya.

Ya danna hoton da ɗan ƙaramin yatsa, a ɓoye, kamar mai satar gishiri.

"Jama'a ku shaida!" Mai Aski ya kwarara ihu. "Ya danna hoto!"

Kafin dariya ta lafa an gama. Alamar waifai ta fito a kusurwa, tsaf da ita. Mai Kemis ya karɓe kebur ɗinsa, don masu kati sun sake yin layi. Aka mayar da laftof ƙofar Tela, inda ya fi shiru. Sai dai alamar fanko ce, ɗigo ɗaya tak a ƙasanta, shi ma yana zuwa yana ɓacewa. Tafinta ya zo, amma an tsinke wa kati kunne.

Injiniya ya kai hannu ƙarƙashin laftof don ya tura guntuwar wayar ciki kada Yaya ta gani. Yana tsunkule bakin wayar da yatsu biyu, alamar ta hau. Ya saki, ta faɗi. Ya sake kamawa, ta hau rabi. Nan fa bakinsa ya dawo. Ya ɗaga ɗaya hannun sama zai yi wa jama'a jawabi, sai alamar ta cika maƙil.

"Tsaya haka!" in ji Yaya. "Kada ka motsa."

"Bari in yi muku bayanin..."

"Kada ka yi magana. Ko tari ka yi za su ji."

Tela ya yi maza ya rataye farin yadi a bayanta. Ta gyara mayafi, ta goge ido, ta danna. Fuskoki uku suka bayyana a allo, likita mai furfura a tsakiya, yana cewa saura kaɗan su kira na bayanta. Injiniya kuwa yana tsaye a bayan allon inda ba a ganinsa, ya ranƙwafa, hannun dama a ƙarƙashin laftof, na hagu a sama, fuskarsa tana kallon titi.

Layin gaba ɗaya ya koma tsallaken hanya ya jeru yana kallo. Mutumin da ba ya iya haɗiye ruwa bai yi sharhi ba, yau ga taro ga na'ura, ga kuma baki a ɗinke. Masu wucewa suna ɗauka gaisuwa yake yi, suna ɗaga masa hannu. Wani mai tasi ya taka birki a gabansa, ya jira, ya ga ba a shigo ba, ya ja tsaki ya tafi. Ƙuda ya zo ya sauka a karan hancinsa ya shiga wanke hannu. Mai Aski ya lallaɓo ya raɗa masa a kunne, "Oga, ɗan yi mana bayanin direba mana." Injiniya ya bi shi da harara kawai.

Can hannun hagu ya gaji, ya ɗan sauko. Nan take likitan ya daskare a allo, baki a buɗe. Yaya ta tsawaita ƙafa ta ƙarƙashin tebur ta take masa wadda ba takalmi. Hannu ya koma sama, likita ya ci gaba da magana.

Ta amsa na baki, ta amsa na rubutu, ba ta yi gargada ba. Shi da yake gida ɗaya da ita bai taɓa sanin haka ta san aikinta ba, don bai taɓa yin shiru ya ji ba. Daga ƙarshe likitan ya cire tabarau.

"Malama, da irin wannan ƙwarewa, me ya zaunar da ke wuri ɗaya duk shekarun nan? Takardunki sun nuna an taɓa ba ki gurbin ƙarin karatu, kika ƙi tafiya."

Yaya ta ce, "Ina da ƙane ne, ranka ya daɗe. Lokacin yana ƙarami, ba shi da kowa sai ni. In na tafi, ba mai sa shi ya ci abinci, ba mai raka shi makaranta. Sai na ce karatu ya jira."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ya girma. Ba ya jin magana ko kaɗan, amma ya girma." Ta ɗaga ido ta saman allo ta dube shi. "In abu ya kai abu, yana tsayawa inda na ce ya tsaya."

Injiniya bai taɓa jin labarin gurbin karatun nan ba. Tausayinta da kunyar kansa suka haɗu suka yi masa yawa. Hawaye ya gangaro, ga hannu biyu duk a bakin aiki. Ya tsaya a haka a gaban duk layin, yana zubarwa, bai saki wayar ba. Tela ne ya taso a hankali ya goge masa fuska da ƙyallen yanka, ya koma ya zauna.

Likitan ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, suka gyaɗa kai. Ya ce ta zo da takardunta na asali farkon mako, a nuna mata sashenta. Allo ya rufe.

Layin ya kaure da shewa. Mai Kemis da kansa ya fito yana sa albarka. Injiniya ya saki wayar, amma hannun hagu ya ƙi saukowa, sai da Mai Aski ya kama ya lanƙwaso shi kamar mai rufe lema. Yana samun numfashi ya gyara murya.

"Ai da ma na lissafa. Jikin ɗan Adam, in ka duba a kimiyyance..."

Yaya ta miƙa masa cajar. "Caji."

Ya karɓa ya hau sama.

Washegari da ya fito buɗe tebur, ya tarar an ja layi a kan Injiniya, an rubuta Eriya a ƙasa da allin tela. Tela ya rantse bai san wanda ya yi ba. Sunan ya bi shi, bai goge ba kuma. Laftof ɗin an kai ta an sa mata sabuwar waya, Yaya tana tafiya da ita aiki, in ta dawo ta kulle a durowa. Har yau in sabis ya yi rauni a layin, ko a shagon aski ko a wurin Tela, sai ka ji an ƙwala kira, "Eriya, ɗaga hannu!" Yakan yi tsaki ya ce jahilci ne ke damunsu. Amma in Yaya ce ta leƙo ta taga ta faɗa, yakan ɗaga.